Ɗakin Baba a Garkawa

Shekara uku ƙofar nan ba ta ga makulli ba.
Na sauka Tawa daga Abijan ran Talata,
Laraba na ɗiga wa kwaɗo mai, ya yi tari, ya buɗe.
Ashe ɗakin bai kwana babu kowa ba,
ƴan haya sun tare, ba su biya ko dala ba.

A jikin bango, bayan buzun da ke rataye,
tulunan laka bakwai a jere,
kowane bai kai ɗan yatsa ba.
Aikin zanzaro ne, na san hannunsa.
Baƙi, ƙugu kamar zare, shi kaɗai yake yawo,
ya ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin randa,
ya yaɓa, ya koma, ya yaɓa,
yana gunaguni kamar maginin da aka hana goro.
Baba ma magini ne.
Yakan ce: Sahabi, ƙyale abokin sana'ata,
sai ka matse shi a tafi zai tuna yana da ƙari.

Ina yaro na fasa guda da farce.
Gizo-gizo suka zubo, a sume, ba su mutu ba,
guzurin ɗan da ba zai taɓa ganin uwarsa ba.

Amma can sama, inda azara ta shiga bango,
wani gida na reto da siririn wuya,
toka-toka kamar takardar buhun siminti,
ramukansa na kallon ƙasa.
Masu gidan jajaye, ƙafafu a sake,
suka juyo gaba ɗaya suna duba na.
Rina.
Ita ba ta zama ita kaɗai, ba ta kuma san wasa ba.
Zuma in ta harba, ta bar ƙarinta, ta mutu.
Rina ta harba, ta ja baya, ta sake ɗamara.

Ban yi saurin jan ƙofa ba.
Nomau ya kutsa ta ƙarƙashin hammatata,
kafin in ce kul, kunne ya zama fanke.
Uwarsa ta tsaga albasar Galmi ta goga,
ta ɗora tsumma da ruwan randa,
ni kuwa kunnena na kan numfashinsa,
don in maƙogwaro ya fara ƙuntata
sai a bar albasa, a tsai da kabu-kabu, sai asibiti.
Bai ƙuntata ba.
Da la'asar har yana rigimar cuku.

Maƙwabci ya leƙo ta katanga: Sa musu wuta!
Na ce: Tsayabu, ina rumbunka na bara?
Ya sauke kai.
Duk Garkawa ta ga hayaƙin nan,
rina ta tashi lafiya lau,
dame arba'in ne suka tafi.

Na jira asuba, sanyi ya ɗaure musu fiffike.
Riga biyu, rawani har ido, safar hannu ta aro,
turmi a kife ƙarƙashin ƙafata.
Ban kunna fitila ba, haske suke bi.
Na lulluɓa buhu, na tsinke wuyan, na ɗaure baki,
ƙirjina na dukan sussuka.
Can bayan gari, wajen tabkin Babaye,
na kwance igiya na ruga ban waiwaya ba.
Gurbin kuwa na kankare shi, na wanke da sabulu,
kada wadda ta kwana waje ta dawo ta ce nan ne gida.

Da hantsi Rakiya ta shigo da tsintsiya,
ta nuna tulunan: Waɗannan fa?
Na buɗe baki ke nan, sai ga shi ta taga,
da curin laka, ko sallama babu,
ya wuce ta kaina ya sauka kan na takwas
wanda ban lura an fara ba.

Na ce: Share ƙasa kawai.
Bangon nan Baba ne ya gina shi,
kuma da alama ba a gama ba.