'Yar Mai Gyaran Kwaɗo

A Hisingen, bayan tashar jiragen ruwa,
akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa
da aka jera wa bango ƙayoyin soso shuɗi
don kada amo ya dawo.
Nan Ylva Torstensson ke kwana da mota.

Ba ta taɓa tuƙa ta ba, sauraronta take.
Mota ma da gulmarta, in ji ta:
taya na raɗa wa kwamfuta cewa iska ta ragu,
makulli na kiran ƙofa daga aljihu,
duk a sarari, inda mai kunne zai tsinta.

Ubanta Ingemar ya shekara arba'in
yana gyaran kwaɗo a Majorna.
Ɓarawon da ya sani kan bar karce a jikin ƙarfe.
Ran Lahadi ya ce, "Nuna mini makullin naku."
Ta buɗe tafin hannu, wayam.
Ya yi dariya har ya ƙware da kofi.

Daren Talata, biyu da kwata,
da eriya mai tsawon ɗan yatsa
da layi goma sha ɗaya na lissafi,
ƙofa ta ce ƙaras,
alhali makullin na cikin aljihun tebur a hawa na huɗu.
Ta zauna a ƙasa
ta cinye ragowar burodinta.

Sai kwana casa'in na kame baki
kafin kamfani ya toshe ɓarakar.
Kullum ta tagar jirgin cikin gari
tana kallon motoci cikin yayyafi,
yara na barci a kujerar baya,
ita kaɗai ta san ƙofofin nan a sake suke.

Kwantiraginta saura wata biyar.
Masu tallafi sun rubuto: aiki ya yi kyau, kuɗi sun ƙare.
Mai bitar takardarta, da ba ta san sunansa ba,
yana son ƙarin jadawali uku.
Oulu na neman mutum, Eindhoven ma.
Akwatinta tun bara bai koma saman kabad ba.

Da za ta fito, tsoho ya damƙa mata
makullin tagulla da haƙoransa suka suɗe.
"Na shagon ne," ya ce. "An rushe shagon."

Ta jinjina shi a hannu.
Yana da nauyi, kuma ba ya magana da kowa.
Ta jefa shi a aljihun rigar sanyi
ta bi gada, ta koma wajen motar.