Abin da Hannuna Ya Karanta

Shekara talatin da ɗaya nake wankan gawa
a Yelwa, nan cikin Garwa.
Ban yi boko ba. Takardar da suka haɗo ka da ita
ɗan maƙwabcina ne ya juya min ita da Hausa:
wai zuciyarka ce ta tsaya.

To, Nafi'u, kowa ma zuciyarsa tsayawa take yi.
Wa ya tsayar da taka?

Na ɗumama ruwa, na zuba ganyen magarya,
na fara ta dama, yadda aka koya min.
Haƙarƙari uku suka motsa ƙarƙashin tafina
kamar karan dawa da saniya ta bi ta kai.
Ga sawun ankwa a wuyan hannu.
Ga shatin takalmi a gadon baya,
har layukan ƙasansa ana iya ƙirgawa.
Na ƙirga. Bakwai ne.

An ce mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani,
kuma na riƙe wannan amana.
Na rufa asirin attajiri, na rufa na mahaukaci,
ko matata ba ta taɓa jin komai a bakina ba.
Amma aibin mamaci aka ce a rufe.
Wannan ba naka ba ne, ɗana,
ɗora maka aka yi.

Ka tuna bara, a rumfar shayin Bappa Sanda?
Ka miƙo min waya, ka ce, "Baba, duba."
Wani baƙin mutum, can ƙasar Turawa,
kwance a bakin titi, 'yan sanda a kansa,
mutane sun kewaye, babu mai iya matsowa.
Shayinka ya huce ba ka sha ba.
Ka ce, "Da can nake, fatata kaɗai ta isa laifi."
Ni da bakin nan nawa na ce maka,
"Gode wa Allah, kana gida."

Kana gida.
A shingen bakin gadar Binuwai suka tare ka,
kan takardar babur da jaka biyu da ba ka da su.
Wanda ya tura ka bayan mota, fatarsa irin taka ce,
wataƙila rijiya ɗaya iyayenku suka sha.
Kwana biyu uwarka tana kai tuwo ƙofar ofishinsu,
suna karɓa.
Wa ya ci tuwon, Nafi'u?

Tana zaure lokacin da na fito,
ta ƙanƙame ragowar likkafani.
Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, fuskarsa fa?"
Na ce fuskarsa lafiya lau.
Ban yi ƙarya ba. Sun san inda ake bari.

Hashimu nawa ma babur yake ja.
Tun ranar, in isha ta wuce bai shigo ba,
sai in zauna bakin ƙofa da carbi a hannu,
ba tasbihi nake ba, ƙarar inji nake saurare.
In ya shigo sai in yi ta masa faɗa kan banza
don kada ya ga hannuna yana rawa.

Ranar uku suka aiko da buhun shinkafa.
Yana nan inda aka sauke shi, awaki sun huda gefe.
Liman ya ce a yi haƙuri, an yi.
Haƙurin yana cikina kamar garwashi a toka.

Wata rana za a ɗauko mai takalmin nan,
shi ma a shimfiɗe shi gabana, in ina raye.
Zan ɗumama ruwa. Zan zuba magarya.
Zan fara ta dama.
Abin da nake roƙon Allah kawai,
in na zo kan ƙafarsa,
kada hannuna ya tuna.