Rigar Cima

Wa ƙaton namiji aka yanka ta.
Kafaɗa ta zarce kafaɗa da taƙi guda,
hannu ya haɗiye yatsu,
wando yana sharar ƙasa.
Ta ajiye su bisa keken ɗinkina
ta ce, "Baba, rage mini kafin Talata."

Shekara talatin da ɗaya ina taka keke a Bilbis.
Na matse wa jandarma ƙugu,
na buɗa wa ɗan duwan wurin tumbi,
na ɗinka galo a kafaɗar yaran da ban san iyayensu ba,
ban taɓa tambayar riga inda za ta kwana ba.
Yau zare ya ƙi shiga kafar allura.
Na lasa, na murza, ya ƙi.

A bakin shago Alkasum yana fifita gawayi:
"Mace da bindiga?
A ba ta biro, ko asibitin bariki,
ko ludayi, ai ciyar da soja ma yaƙi ne."
Mijinyawa ya ce, in an kama namiji, kashe shi ake,
in kuwa mace ce…
Bai ƙarasa ba.
Shayi na biyu ya huce a hannunmu.

Da dare na kai mata maganar yadda aka ba ni ita,
har da wurin da aka yi shiru.
Tana dama fura, ba ta ɗaga kai ba.
"Matan da aka iske a rugage, Baba,
wace riga ce a jikinsu?
Wa ya zauna shan shayi
ya yanke ko ya dace yaƙi ya same su?"
Ta miƙo mini ƙwarya.
Na sha, don baki ya sami abin yi.

Uwarta, Allah ya jiƙan ta,
ta ja guga a rijiya mai gaba arba'in
da cikin wata takwas,
ba a kira taro kan ƙarfin mace ba.
Wanta Harisu yana Jado,
cikin ramin zinari da ya fi kabari zurfi,
ba wanda ya tako ya ce mini bai kamata ba.
Duk na sani.
Sani bai hana ni jin sawun Mijinyawa
yana yawo cikin kaina har kiran assalatu ba.

Na warware kafaɗa.
Na ja alli inda ƙashinta ya tsaya,
ƙashin da na fara aunawa da igiya
ranar da za ta shiga lakwal.
Almakashi ya ci yadin gwamnati,
kaurinsa ya karya mini allura biyu.
Aljihun ƙirji na ɗaga shi sama kaɗan.
A ƙugu na bar ninki, yatsa uku,
ban faɗa mata ba.
Jiki yakan sake,
kuma mai dawowa ake bar wa wuri.

Talata, hantsi bai ɗaga ba,
motoci shida suka ɗauki hanyar Tilliya.
Hulunan ƙarfe, rawani har ido,
kowa ya zama kowa.
Na duba mota ta fari, na duba ta biyu,
ban gane fuskar ɗiyata ba.
A ta huɗu na ga ɗinkina:
layi biyu a kafaɗa, ƙulli ta ciki,
da hannu daidai wuyan hannu
riƙe da abin da ban iya riƙewa ba.

Alkasum ya ce, "To, tela, me ka yanke?"
Na ce yadi na yanke.

Ƙyallen da ya saura na cusa masa auduga,
shi nake soka wa allurai yanzu.
Rediyo yana rataye a ƙusa.
In an fara labarai ƙafata takan tsaya da kanta,
in an gama
in ci gaba da wandon wani.