Baƙin da Ba Su Sallama

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
An ɗauke wuta tun isha'i,
janareton Modi na tari a bayan ofis,
ni ko ina gaban allo a Gawon Nama,
ina karanta jerin baƙin da ba su yi sallama ba.

Ba su da suna, sai lamba:
gungu huɗu, ɗigo uku a tsakani.
Adireshin Ai-Pi ke nan,
sawun da ƙafa ke bari a intanet
ko mai ƙafar bai so ba.

Sabar tamu ba wata babba ba ce.
Lissafin 'yan albasa ne a cikinta:
wa ya kawo buhu nawa daga Wurno,
wa ake bi, wa ya biya rabi ya ce sai kasuwa ta ci.
Amma ga lamba guda ta ƙwanƙwasa
sau dubu huɗu da ɗari shida tun magariba.
Mutum ba ya haka.
Mutum yakan gaji, ya miƙe, ya kurɓi ruwa,
ya tuna bai yi sallah ba.
Wannan inji ne aka saka da tarin makullai,
ba ya fushi, ba ya jin kunya.

Akwatin saƙo kuwa ya zama juji.
Wai na ci gasar da ban shiga ba,
wai wani attajiri ya mutu ba magaji
kuma duk duniya ni ya ga dama.

In na toshe ɗaya, goma su ɓullo.
Kamar mai tare gulbin Rima da faifai.

Sai na shiga bin sawu.
Wannan daga ƙasar da a taswira kawai na san ta.
Wannan sabar haya ce, gobe ta sake riga.
Wannan kuma...
na gyara zama.
Wannan ta gida ce.
Na buɗe, ga shafin kyamarar tsaro,
an rubuta a samansa: Kemis ɗin Haliru, Mabera.

Da hantsi na hau kabu-kabu.
A hanya na tanadi maganganu masu zafi.
Na tarar da dattijo da tabarau ɗaure da zare
yana ƙirga wa wata mata ƙwayar zazzaɓi.
Bisa ƙofa, ga ta nan, fara, ƙarama,
da ido ɗaya da gizo-gizo ya yi wa gida.

Ya ce, "Ni? Ni da ɗiyata ka buɗe mani waya?
Wanga abu don ɓarayi na saye shi."
Ban san yadda zan gaya masa ba
cewa maigadin da ya ɗauka
shekara biyu yana yi wa ɓarayi aike.
Kalmar sirrin tana nan yadda ta fito daga kwali.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari,
sai dai ban faɗa ba, na haɗiye.

Muka sake mata kalma mai tsawo.
Ya rubuta a jikin kwalin sirinji,
na sa ya yage, ya haddace.
Ya ba ni ruwan leda biyu, ya ƙi karɓar kuɗi.

Yau ma ga ni, ƙarfe biyu.
Lambar Mabera ta yi shiru,
na duba ta sau uku kamar mai duba jinjiri.
Wanda ya aike ta ban ga ƙeyarsa ba,
ƙila yana barci, ƙila can rana ce.
Sababbi ɗari uku da sha ɗaya sun iso.
Modi ya leƙo ya ce mai ya kusa ƙarewa.
Na ce ya ƙara lita biyu,
na jawo kujera, na kama ta farko.