Ladan Aski

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa sun yi tsit a tasha,
Ximena ta kwantar da ɗanta, ta kife tukunya,
ta buɗe kwamfuta kamar mai buɗe shagon
da ba a taɓa ajiye masa aljihun kuɗi ba.

Shekara tara da ta rubuta manhajar nan,
'yar ƙarama, don ɗakin karatun unguwarsu:
wa ya ari littafi, yaushe zai maido.
Ta haƙa rijiya a bakin hanya,
ta ce kowa ya zo da gugansa.
Suka zo.
Wasu ma suka zo da ƙorafin cewa ruwan bai yi sanyi ba.

Buƙatu ɗari biyu da goma sha huɗu ke layi.
Wannan yana son maɓalli shuɗi.
Wancan ya ce, "Abu mai sauƙi ne, minti biyar,"
shi da bai taɓa ɗaura ko layi ɗaya ba.
Wani kamfani daga Rotterdam ya rubuto
da manyan baƙaƙe: MUNA JIRA TUN TALATA.

Ta daɗe tana kallon Talatar.
Sannan ta rubuta: "Aikin mako uku ne. Ga farashinsa."
Hannunta ya yi rawa, kamar ta roƙi bashi.
Banza ba ta kai zomo kasuwa,
ta sani, amma kunya ba ta san lissafi ba.

Kwana shida shiru.
Ran na bakwai kuɗin suka shigo, cif.
Ta biya hayar ɗaki, ta saya wa yaro takalmi,
ta gyara tagar da iskar teku ke shigowa.
Sai dai wanda ya ci ladan kuturu
ya san abin da ke jiransa da aska.
Yanzu Rotterdam ce ke gaba a layi,
ta tsallake mutum ɗari biyu
ba tare da ta ce wa kowa sannu ba.

Can ƙasa, lamba ta talatin da ɗaya,
akwai Don Evaristo na tsibirin Chiloé,
mai tsaron littattafai dubu a ɗakin katako.
Shekara biyu da ya rubuta sau ɗaya tak:
"Idanuna sun gaji. In da hali,
a ɗan ƙara wa haruffan girma.
In babu, na gode da abin da na samu."
Bai sake tuntuɓa ba.

Ta gama aikin kamfani ran Juma'a da asuba.
Kofi ya huce. Ta kai hannu za ta rufe,
sai ta fasa.

Awa biyu, ba a cikin farashi ba.
Ta ƙara wa haruffa ƙiba,
ta tura, ta rubuta masa: "An yi."

Ba ta san ko yana raye ba.
A ƙasan tudu motar farko ta fara tari,
yaro ya juya, ya kira ta cikin barci.
Saura ɗari biyu da goma sha biyu,
kafin ta ɗora ruwan shayi sun koma sha uku.