Jar Roka a Tafin Hannu

Tun da ido ya raba Bappa Manu da sitiyari
ya koma zaure a Jekadafari
da gwangwanin madara, almakashi da waya.
Motar da ya tuƙa shekara talatin
yake sake haifa, tsawon tafin hannu.

Tayoyi daga tsohon silifa,
gilashi daga gorar ruwa.
Bodin katako kuwa tsinken tsire ne
ya jera, ya ɗaure, ya goge da yashi.

Fenti sai da hantsi, kafin iska ta taso.
Gashin zabuwa ne burushinsa.
Sau huɗu yana haɗa ja, bai gamsu ba:
"Nata ya fi wannan ƙuna,
rana ta ci shi a hanyar Numan."

Jiya na ga ya ɗauki ƙusa
ya lotsa ƙofar dama da gangan.
Na ce, Bappa, ai ka ɓata ta!
Ya ce, "A gangaren Kaltungo ta samu wannan,
ranar da na dawo gida babu Gidado,
yaron motata."

Ya hura fentin a hankali,
ya ɗora ta kan taga,
hancinta na kallon titi.