Sukarina

Shekara ashirin da uku ina kan teburin nan
a bakin gadar Ngeli. Kusiri na bayana,
Njamena na fitar da hayaƙi a ƙetaren Logon,
kalma ɗaya kuma ita ke ciyar da gidana.

Jidda, direban Shuwa, ya ce sukkar,
yana danne tsakiyarta kamar mai taka birki.
Ɗan kwastan ya tsuke leɓe ya ce sukur
kamar zai hura wuta ya fasa.
Inna Dudu mai nono ta datse wutsiyar: sukar.
Ni na ƙara mata wasali a ƙarshe,
don Bahaushe ba ya barin baƙi su kwana a waje.

Ban taɓa tambayar garinsu ba.
Na dai san namiji ne duk inda ya sauka,
ba shi da jam'i sai na ƙwaya,
uku wa Jidda, biyar wa yaron mota
in maigidansa ya juya baya.

Sai gyambo ya fito min a ɗan yatsa
ya ƙi tafiya har damina ta wuce.
Jidda ya ɗauke ni zuwa asibiti.
Wata nas, Nuwala, daga tsibirin Ayalan,
inda ta ce ruwan sama ba ya neman izini,
ta soke ni, ta dubi ƙaramin inji,
ta yi magana da kanta: shukra.
Jidda ya dafa ƙirji ya ce afwan,
ya zaci godiya take yi.
Mun yi dariya, mu biyu. Ita ba ta yi ba.

Daga baya, tana naɗe min ƙafa,
ta ce haka suke kiransa a harshen kakarta,
kuma in mutum ya ce nawa ne
kan kalmar sai ya yi laushi, ya koma numfashi:
mo hyukra.
Na ce mu a wutsiya muke ɗaure abinmu,
kamar akuyar da aka saya a kasuwar Alhamis.
Ta ce to faɗa in ji.
Na buɗe baki, sai ya yi min nauyi.

Da can na kowa ne.
Sukarin Jidda, sukarin kwastan,
sukarin biki, sukarin suna.
Yau ya hau, jiya ya sauka,
kamar Logon a watan tara,
ba wanda ya gani sai ni da allura.

Yanzu nakan dafa nawa daban a ƙaramar buta,
baƙi, mai ɗaci, ko ƙwaya babu.
Jidda kan ce nawa ka zuba min?
In ce uku.
Biyu ne.
Ya kurɓa, ya dube ni ta saman kofi,
bai ce komai ba, ya miƙo kuɗin uku.